Tsagar da Na Ɓoye wa Baba

Pravarin,
Laraba, 19 ga Afrilu.

Zuwa ga ƙanena Florentin,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Josée da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Kanada da kullum kake yi mana kuri da shi, sai ka ce mu a nan rana muke sha. Mun ga hoton Émile da kofin da ya ciyo a makaranta. Baba ya sa na kwatanta masa fuskar yaron har sau uku, sannan ya ce to hancin dai namu ne, Allah ya ba yaron haƙuri. Ƙafar Gwaggo Léonie ta yi sauƙi, bakin ne dai har yau ba a samo masa magani ba. Baba yana cin abinci, yana kuma shan maganin zuciyarsa in na tsaya a kansa. Idon ne ya ƙara dushewa, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Kunnen kuwa yana nan garau, ko ɓera ya yi tari a rumbu zai ji, shi ya sa ban kira ka a waya ba. Zan ɗauki hoton takardun nan in turo maka, ba zan jira gidan waya ba.

Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Gangaren da gidanmu ke kai yana zamewa, magajin gari ya ce mu tashi, Baba ya ce ba inda za shi. Ni ce kuma na jawo abin ya kai haka. In ka ga layi ya karkace kada ka yi mini tsiyar da ka saba.

Kai ba za ka tuna lokacin da aka yi babbar hanyar nan ba, ko magana ba ka fara ba. Ni shekarata tara, kuma har yau in an bugo ƙofa da ƙarfi nakiya nake tunawa. Shekara uku suka yi suna fasa dutse. Da an busa ƙaho sau uku sai Mama ta jawo mu ƙarƙashin tebur, kwanuka su yi ta rawa a kan kanta. Suka huda dutsen wuri biyu, suka yi rumfar kankare a kwanar da dusar ƙanƙara ke zubowa, sannan suka ɗora mana gadar nan a ka, ginshiƙi goma sha huɗu, na tara ya sauka tsakiyar gonar dankalin Kaka. Baba ya sayar da rabin shanunsa ya shiga aikin zuba kankare, tare da mutanen Portugal da na Aljeriya da ke kwana a ɗakunan katako bayan coci. Mutum bakwai ba su koma gida ba, sunayensu ne ke kan dutsen nan na gefen tolget. A makon da aka haƙa gindin ginshiƙi na tara ne bangon ɗakin cukunmu na ƙasa ya tsage, tsaga siririya wadda tsinin wuƙa kawai ke shiga. Injiniyan lokacin ya sauko ya duba, ya gaya wa Baba cewa gidanmu da ginshiƙin a kan falalen dutse guda suke zaune, in gangaren zai motsa, bangonmu zai riga gadar sani. Shi ya koya masa sa shaida.

Na san ka sha ganin shaidar, amma na san ka, ba ka taɓa tambayar amfaninta ba, kai dai cukun kake sauka sata. Farin filasta ne ake kwaɓawa, a liƙa ɗan gutsure kamar faɗin yatsa biyu a gicciye a kan tsagar, a rubuta kwanan wata da ƙusa kafin ya bushe. Filasta ba ya lanƙwasa. In bangon ya matsa ko da kaurin gashi ne, sai ya fashe. Kowace shekara ranar ɗaya ga Mayu Baba yana kankare tsohuwa ya sa sabuwa, kowace Lahadi bayan coci ya sauka ya duba, ƙarshen shekara kuma ya aika wa ofishin hanya kati mai kalma biyu, shaida lafiya. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan, ba wanda ya ɗauke shi aiki. Ni kuma shekara ashirin da shida na yi a cikin akwatin tolget ina miƙa hannu ta taga cikin hayaƙi da sanyi, kafin su kawo injin da ba ya gaida kowa ya karɓe mana aikin. Na ga tirelar da birkinta ya ƙone ta faɗa ramin tsakuwar da aka yi don tare irinta, direban ya fito yana kuka kamar yaro. Na ga ranakun da iska ta sa aka rufe gadar. Amma ko sau ɗaya ban taɓa jin tsoron kwana a ƙarƙashinta ba, don na san Baba ne ya zuba ta, kuma yana gadinta.

Ka tuna shekara shida da suka wuce, da muka binne Mama a watan Fabrairu, a Maris kuma aka yi wa Baba aikin zuciya. Kai ka koma bakin aikinka, ba laifi na ɗora maka ba. Likita ya ja mini kunne, ya ce kada a bari wani abu ya tayar wa tsohon nan hankali. Ana gobe za a sallamo shi na sauka juya cuku, na ga shaidar ta fashe. Florentin, Allah ya sani ba mugunta na nufa ba. Na ce a raina sanyi ne, an yi ƙanƙara mai tsanani a shekarar. Na ce mutumin da ya rasa matarsa, aka kuma tsaga masa ƙirji, ba zan tarbe shi da wannan ba. Na kankare ta, na kwaɓa filasta, na liƙa, na kwaikwayi rubutunsa da ƙusa. Ranar Lahadi na riƙo hannunsa muka sauka, don lokacin idon ya fara tafiya, ya shafa ta da ɗan yatsa, ya bi ta da farce, ya ce lafiya lau. Na ji daɗi har cikin raina, ina ganin na yi abin kirki.

Bayan wata takwas ta sake fashewa. A nan ne ya kamata in buɗe baki, amma ta yaya zan faɗi ta biyu ban faɗi ta farko ba? Na sake liƙawa. Da tsagar ta fara buɗewa sai na riƙa cusa mata filasta daga ciki, in bar ɗan layi siriri a sama yadda yatsansa ya saba ji, in bi da farar ƙasa lokacin da kowa ke shafe ɗakin cukunsa kafin shanu su hau dutse kiwo. Ba mai mamakin ganin mace da bokitin farar ƙasa a watan Afrilu. Ƙarshen kowace shekara ya zauna a bakin murhu ya ce 'yar nan ɗauko kati, ni kuma in rubuta shaida lafiya da hannuna, in kai gidan waya da ƙafata. Tun ina jin kunya har abin ya zama mini kamar wanke kwanuka.

Bana ne abubuwa suka fara fitowa. Ƙofar ɗakin cuku ta daina rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Ruwan da ke zuba a kwamin shanu tun zamanin Kaka ya ɗauke, ya je ya ɓullo a bayan lambun Gwaggo Léonie, ta yi ta zagin magajin gari wai ya sace mana ruwa ya jefo mata taɓo. Wata rana na ajiye dunƙulen cuku a tsaye a kan katako, na juya baya, ya gangara shi kaɗai har bango. Na tsaya ina kallonsa. Baba kuma ya fara zama a bakin taga yana kasa kunne. Ka san haƙoran ƙarfen nan da ke haɗa gaɓoɓin gadar, waɗanda in tirela ta taka suke yin gam-gam, da su muka yi barci tun muna yara. Ya ce na saman ginshiƙi na tara sun canza murya, bugu na biyu yana makara. Na ce ni ban ji komai ba. Ya sa na kai shi ƙasa ranar Talata, ba Lahadi ba, ya shafa shaidar, ya same ta lafiya, don da safiyar ranar na gyara ta.

Abin da ya biyo baya shi ya karya ni. Ya daɗe a tsaye da hannunsa a bango, sannan ya ce to shi ke nan, in filasta ya ce lafiya kunnensa kuma ya ce ba lafiya ba, kansa ne ya fara taɓuwa. Ya ce haka Kaka ya fara, da jin abin da babu. Ya roƙe ni in nema masa ganin likita, kuma kada in gaya maka, wai kada ka kashe kuɗin jirgi don tsohon da ya ruɗe. Kwana huɗu bai ci abincin kirki ba. Ina kallon mutumin da kansa ya fi na kowa a kwarin nan daidai yana zargin hankalinsa, ni kuma na yi gum da bakina. Ban taɓa tsanar kaina kamar a kwanakin nan ba.

Ranar Alhamis da ta wuce injiniyar hanya ta zo, Madam Collomb, yarinya ce ba ta kai arba'in ba, mai ladabi, har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Ta zo da katunan Baba duka a cikin jaka, ta ce a ofis ba su taɓa yar da ko ɗaya ba. Ta ce na'urorinsu sun nuna ginshiƙi na tara ya ɗan karkata tun hunturu, kuma da yake katunan sun nuna ƙasan gangaren bai motsa ba, sai suka fara neman dalilin daga sama, ba su gano komai ba. Ta nemi izinin ganin shaidar. Muka sauka mu uku. Ta haska fitila, ta kalli filastan, ta kalli kwanan watan Mayun bara da ke jikinsa, ta taɓa shi, ta juyo ta kalle ni. Filastan kwana tara ne da shi, duk wanda ke da ido zai gane. Ni ce na faɗa. Na faɗi duka a tsaye a tsakanin cuku, muryata kamar ba tawa ba.

Na zaci zai yi mini tsawa, ko ya faɗi. Tambaya ɗaya ya yi, wai sau nawa. Na ce sau goma sha ɗaya, huɗu daga ciki tun bayan Kirsimeti. Ya zaro wuƙar aljihunsa ya lalubo tsagar ya fara tono abin da na cusa, filasta yana zuba a kan takalminsa. Da ya gama ya tura hannu, yatsunsa uku suka shige har gindi. Ya ce wa Madam Collomb, 'yata, hau ki tsayar da motocin nan, akwai mutane a kai. Ta hau matakalar da gudu tana kiran waya. Ni kuwa ya ƙi hannuna, ya hau sama yana lalube shi kaɗai.

Ranar Juma'a suka hana manyan motoci hawa, ranar Asabar suka rufe hanyar gaba ɗaya daga tolget har rami na biyu da aka huda a dutse. Ba ka taɓa jin garin nan haka ba. Shekara kusan hamsin ba mu san shiru ba, yanzu kana jin ruwan dusar da ke narkewa yana gudu a ƙarƙashin ƙasa, kana jin katakon rufi yana ƙara, kana jin tsakuwa in ta gangaro daga sama. Duk abin da ya yi motsi sai gabana ya faɗi. Na cika gilashi da ruwa na ajiye a kan tebur, ina aiki ina satar kallonsa ko ruwan zai karkata. Madam Collomb ta ce ba ta san ko zai tsaya haka shekara goma ba, ko kuma ruwan sama na kwana biyu zai saukar da shi, kuma an ce za a yi ruwa ƙarshen mako. Gidaje uku ne a layin. Su Gavard sun kwashe ranar Lahadi har da kajinsu. Gwaggo Léonie ta koma gidan Fada Berthet, limamin cocinmu, tana fita tana cewa Baba tun yana yaro kansa ya fi ginshiƙinsa tauri, in yana son gada ta binne shi ai sai ya yi wanka ya jira.

Magajin gari ya zo da kansa, hula a hannu. Baba ya ce masa ya san shi tun yana yawo ba wando, ba shi zai koya masa dutse ba. Ya ce sau goma sha ɗaya a shekara shida labari ne kawai, bai san wanne gaskiya ba wanne tsoron mace, shi ba zai bar gidan da matarsa ta mutu a ciki a kan labari ba. Filasta kawai zai ji wa magana. Ranar Litinin ya kwaɓa da hannunsa, ya liƙa sabuwar shaida, ya ce in ta kai ɗaya ga Mayu lafiya yana nan, in ta fashe a ranar zai ɗauki kwat ɗinsa ya fita ba sai an roƙe shi ba. Ya sa na rantse da kabarin Mama ba zan taɓa ta ba. Magajin gari ya ja ni gefe ya ce yana da ikon turo 'yan sandan jandarma su ɗauke shi, amma in tambayi likita tukuna. Na tambaya. Likitan ya ce ba zai iya yi mini alkawarin zuciyar za ta ɗauki kokawa ba. To ka ga inda nake. In na bar shi, dutse. In na sa a ja shi, zuciya. Ni da na yi shekara shida ina addu'ar kada filasta ya fashe, yanzu roƙon Allah nake ya fashe da wuri. Bari in dakata a nan, yana kira a ba shi miyarsa.

Alhamis ce yau, na dawo kan takardar, kuma ina ma ban tashi daga kanta ba. Da safe aka fara yayyafi. Na leƙa na ga gajimare ya rufe kan gadar, ginshiƙan kawai ake gani, sai wani tunani ya shige ni. Na ce ƙarya ce ta tsare shi a gidan nan, ƙarya za ta fitar da shi, Mama kuma za ta yafe mini rantsuwar. Na ɗauki cokali na sauka a hankali, da niyyar in ɗan ƙwanƙwasa shaidar da gindinsa. Na haska fitila. Florentin, ta riga ta fashe. Ba layin gashi ba, ta rabu biyu, ɓari ɗaya ya ɗan sauka ƙasa da ɗaya. A kwana uku. Na dafa katako, ina kuka ina gode wa Allah lokaci guda.

Ban ji saukowarsa ba sai da ya iso matakala ta ƙarshe. Ashe ya ji ƙarar katakon da na taka. Na ce Baba ta fashe, zo ka taɓa, ta fashe da kanta. Ya zo ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sai ya miƙo hannu ya kamo nawa, kamar zai dafa ni, ya ji cokalin a cikin tafina. Na rantse masa da duk abin da na sani. Na ce e, na zo da niyya, amma ban taɓa ba, dutsen ya riga ni. Ya karɓi cokalin a hankali ya sa a aljihu. Bai ɗaga murya ba, ya ce ya sani don shi nake yi, tun farko ma don shi na yi, amma mutum ba zai iya sanin gaskiyar bango ba in akwai mai ƙaunarsa a gidan. Ya ce in miƙo masa kwanon filasta. Na miƙa masa. Ya kankare, ya kwaɓa, ya liƙa sabuwa, ya rubuta ashirin ga Afrilu, ya kulle ƙofar da kafaɗarsa ya rataya makullin a wuya. Na kira Madam Collomb ta zo ta gaya masa abin da na'urorinta suka gani, ya saurare ta da ladabi, ya ce na'urar da ta yi wata uku tana neman ciwo a ka alhali yana ƙafa ba za ta kore shi daga gida ba.

Na ce to wa zai yarda da shi. Ya ce wanda bai taɓa riƙe kwanon filasta ba. Ya ce in Florentin ya zo ya karɓi makullin, ya sauka shi kaɗai, ya hau ya ce masa ta fashe, zai bi shi ko ina ne. Ka ji abin da ya sa na rubuto maka. Ba na roƙonka ka yafe mini yanzu, wannan za mu yi shi daga baya in da rai, ka zage ni son ranka. Ka zo kawai. Ka hau jirgin da ka fara samu. Na san za ka ce in koma gidan Fada in jira ka, kada ma ka ɓata bakinka, ba zan bar shi ya kwana a nan shi kaɗai ba. Na haɗa jakarsa da hoton Mama da magungunansa na ajiye bayan ƙofa, na juya motar ta kalli hanya.

Ka gaida mini Josée da kyau, ka ce ta yi haƙuri na ɗauke mata kai ba shiri. Ka gaida Émile da Corinne, kada ka gaya musu komai tukuna. Gwaggo Léonie tana gaishe ka, ta ce ka zo da sanda. Fada Berthet ya ce yana sa mu a addu'a. Baba bai san na rubuto ba, amma tun ɗazu sau biyu yana tambayata ƙarfe nawa ne yanzu a Kanada. In ka sauka ka biyo tsohuwar hanya ta bakin kogi, ka ajiye mota a coci ka ƙaraso da ƙafa. Ruwan ya ƙara ƙarfi.

Yayarka mai jiranka,
Maryse